Tsohon da Ya Yi Mini Talla a Wurin 'Yata

Abin da surukina ya bari bai kai a kira malamin rabon gado ba. Keken ɗinki ɗaya mai feda, manyan riguna huɗu, huluna bakwai, Alƙur'ani, tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare, sai littattafan yara masu hotuna guda goma sha ɗaya. Ranar sadakar uku muka baje su a kan tabarma, kafin shayi ya huce mun gama. Amma akwai abu ɗaya da ba a ɗora a tabarmar ba, kuma shi ne ya hana ni sukuni tun ranar da likita ya ce mana ciwon ba na tashi ba ne: 'yata ta fari, mai shekara biyar. Bayan uwarta, mutum ɗaya ta yarda da shi a duniya, shi ne kakanta. Tsorona shi ne ranar da muka kai shi makwancinsa yarinyar ta zama marainiya, alhali ni ubanta ina zaune a tsakar gida da raina da lafiyata.

Daga Allah muka zo, kuma duk daɗewa can za mu koma. Baba ya riga mu da safiyar wata Talata, ana yayyafi, bayan ya sha ruwa da hannunsa ya ce a gyara masa matashi. Bai wahala a ƙarshe ba. Wannan kaɗai ya isa mu gode.

Mun kafa rumfa a lungunmu na unguwar Akébé, har masu taksi suka riƙa zagayawa ta baya. Mutane sun zo fiye da yadda na zata, don tela ne da ya yi shekara arba'in da wani abu a garin nan, kuma da wuya ka sami gidan Bahaushe a Libreville da ba a taɓa sa ɗinkinsa ba. Wani ɗan kasuwar yadi mutumin Garwa, abokin faɗansa na shekaru, ya zauna yana share ido yana cewa, "Yanzu wa zai ce mini shaddata ta jabu ce a gaban jama'a?" Maƙwabciyarmu, Kirista ce 'yar Jos mai sayar da abinci, ta shigo cikin mata tana kuka da ƙarfi har aka riƙa ba ta haƙuri. Shekarar da mijinta ya kwanta jinya, Baba ne ya ɗinka wa 'ya'yanta uku kayan makaranta, da ta zo godiya ya ce mata ragowar yadi ne da zai zubar. Ta ce ta san ƙarya yake, don ta ga lokacin da ya sayo yadin.

Wanda bai yi kuka ba shi ne babban ɗansa, yayan matata, da ya zo daga garin Port-Gentil bayan an riga an yi jana'iza. Ya zauna kamar baƙo, yana amsa gaisuwa da ladabi. Da aka baje kayan, sai ya ɗauki ɗaya daga cikin littattafan yana buɗawa. Ya daɗe a kan wani shafi da aka zana uba ya ɗora ɗansa a wuya.

"Na wane ne waɗannan?"

Na ce, "Na Baba ne. Da su yake yi wa jikarsa hira."

"Baba?" Ya sake duba shafin. "Ni dai ban san yadda cinyarsa take ba."

Bai faɗa da fushi ba. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin siminti. Ya rufe littafin ya ajiye. Ni kuwa na san abin da yake nufi fiye da kowa a rumfar, saboda saura kaɗan 'yata ta girma da irin wannan magana a bakinta.

Ni ɗan kasuwa ne. Tsofaffin tayoyi da kayan mota nake saukewa, shagona yana unguwar Oloumi. Na zo garin nan ba ni da komai sai jaka, kuma abin da na samu da idona da ƙafata na same shi. Da na auri 'yar Baba, matarsa ta riga ta rasu, sai na ce ya dawo gidanmu, na ba shi ɗakin da ke bakin ƙofa ya sa kekensa. Ya ce zai zo, amma da sharaɗi: ba zan hana shi aiki ba, kuma ba zan saya masa keke mai lantarki ba. Ya ce ƙafar da ta daina taka feda kabari take nema.

Mutum ne mai tsari irin nasa. Ba ya ɗinka wa wanda bai gani ba. Ko an kawo masa awo a takarda sai ya ce, "Wa zai sa? Kawo shi in gan shi." Allurai a jikin hularsa yake soke su, har mukan ji tsoron ranar da zai yi sujada ya manta. Da safe sai ya tsoma burodi a kofi mai madara, ya ci rabi, ya ajiye rabi don jikarsa. Faransanci kuwa, duk shekarun nan bai wuce ƙirga da gaisuwa ba. Ya ce wanda yake son riga zai nemo hanyar da za su fahimci juna. Kuma bai taɓa yi wa kowa alkawarin ɗinkin Sallah na ƙarya ba. In ba zai gama ba sai ya ce, "Bayan Sallah. In kana sauri, ga masu ƙarya can a bakin titi." Ni ba ya kiran sunana, sai dai Mai taya.

Da aka haifi 'yata, na yi abin da na ga ana yi a gidanmu. 'Yar fari ce, sai na yi mata kunya. Ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na kiran sunanta, ba na wasa da ita, balle a gaban surukina. Ban ɗauki wannan a matsayin rashin so ba. Madara, magani, takalmi, kuɗin lekol, wato makaranta, ba abin da ta nema ta rasa. Ina fita tana barci, in na dawo na tarar da ita a ɗakin Baba sai in yi sallama daga bakin ƙofa in wuce. Ita ma ta koyi zamanta da ni. In na shigo sai ta ɓuya a bayan kekensa. Kuma abin da ta ji kakanta yana kirana, shi take kirana.

Su biyun kuwa ba a shiga tsakaninsu.

"Amarya, kin bar mijinki da yunwa, ko shayi ba ki dafa ba."

"Ni ba na son miji mara haƙori."

"To wa zai aure ki da wannan kitso kamar an yi gobara?"

"Kai ma hularka duk allura!"

Littattafan ta hanyar kasuwata suka shigo. Wani mai turo mini kaya daga Turai ya cusa tsofaffin littattafan yara a tsakanin fitilun mota don kada su fashe a kwantena. Da na kwashe fitilun, sai na kai wa mai fanke ta bakin shagona takardun ta riƙa naɗe kaya. Ta shafa ɗaya da yatsa ta mayar mini, ta ce wannan takarda mai sheƙi ba ta shan mai. Na zuba su a buhu na kawo gida don a riƙa hura gawayi. Baba ya tare buhun a bakin ƙofa. Ya zauna ya zazzage, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya ware goma sha ɗaya, ya ce sauran a ba 'ya'yan maƙwabta. Sai daga baya na lura da abin da ya haɗa waɗanda ya zaɓa: kowanne akwai uba da ƙaramin ɗa a ciki. Wani uban zomo ne, wani masunci ne da 'yarsa a kwalekwale, wani kuma wata ƙatuwar dabba ce mai gashi da Baba bai san ta ba, ya sa mata suna kare mai tumbi.

Ba ya karatun boko, saboda haka rubutun bai dame shi ba. Hoto yake kallo ya ƙera labarinsa da Hausa. Kuma sai da ya gyara hotunan. Ya ɗauki biro ya zana wa kowane uba hula, har zomon, har karen. Ya ce magidanci ba ya yawo kai a buɗe.

Faɗanmu ya zo ne wata safiya tana da shekara huɗu. Ina ɗaura agogo zan fita, ya kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa. Yarinyar tana kan cinyarsa. Sai ya ɗaga ta ya miƙo mini.

"Karɓi 'yarka."

Na ce, "Baba, a gabanka?"

"A gabana. Ni dodo ne?"

"Baba, ai ka san 'yar fari ce. Haka muka taso muka gani."

Ya mayar da ita cinyarsa, ya dube ni ta saman tabarau. "Mai taya, a garinku in uba ya kau da kai, hannu nawa ne ke ɗaukar yaro? Ga kaka, ga gwaggo, ga baffa, ga matan gida, yaro ba ya ma sanin an yi masa kunya. A nan fa? Ƙirga mini. Uwarta, sai ni. Ni kuma dubi hannun." Ya ɗaga shi, yana ɗan rawa. "Kun ɗauko kunyar kun hau jirgi da ita, kun bar dangin a can."

Na ce al'ada ba kaya ba ce da za a sauke don an canza gari. Na faɗa da ladabi, amma na faɗa.

Ya ce, "Ni ma na yi. Na yi ta sosai, har ana yabona. Ga ladana can a Port-Gentil, yana gaishe ni a waya kamar mai gaida limamin wata unguwa."

Na ce Allah ya huci zuciyarsa, na tashi na tafi shago. Kwana uku bai ci abincin gidana ba. Maƙwabciya ce take miƙo masa ta kan katanga, yana ci a bakin ƙofa inda zan gani. Matata ta rasa inda za ta sa kanta. Ni kuma na dake, don a kasuwa na koyi cewa wanda ya fara motsi shi ke sayarwa da araha. A rana ta huɗu ya ci tuwo, bai sake tayar da maganar ba. Na ɗauka na yi nasara.

Bayan mako biyu, wata Lahadi bayan la'asar ina gida, sai na ji yarinyar tana kuka a ɗakinsa. Ya leƙo ya ce tabaraunsa ya ɓata, ba ya ganin hotunan, ita kuma ta ƙi haƙura.

"Mai taya, kai da ka iya karatun Nasara, zo ka rufa mini asiri."

Na san dabara in na gan ta. Da safiyar ranar na ga tsohon nan ya zura zare a allura ba tabarau. Amma suruki ya nemi taimako a gaban matata, ba ta yadda zan ce a'a. Na shiga na zauna a bakin gado. Shi kuwa ya tashi, ya ja kekensa da ƙyar ya juya shi ya fuskanci bango, ya ba mu baya, ya hau taka feda. Ba yadi a kai, ba zare. Ƙara kawai yake yi don kada in ji kunyar muryata.

Yarinyar ta tsaya nesa, ta miƙo littafin da tsawon hannunta. Na buɗe na fara karanta Faransancin yadda nake karanta takardar duwan, wato kwastan, layi bayan layi, ina fassarawa. Ban kai shafi na biyu ba ta ce, "Ba haka ba ne."

"Haka aka rubuta."

"Ba haka Kaka yake cewa ba." Ta matso ta ɗora yatsa a kan zomo mai hula. "Wannan Abbana ne. Ya tafi Oloumi ya sayo wa motoci takalma. Wannan kuma ni ce."

Na buɗe na masuncin. "Wannan fa?"

"Abbana ne. Ya je teku ya tare kwantena."

"Karen nan mai tumbi fa?"

"Shi ma. Ya ci tuwo da yawa."

Feda ta ɗan tsaya, na ji tsohon yana danne dariya, sannan ta ci gaba. Ashe fiye da shekara guda yana yi mini talla a wurin 'yata ban sani ba. Duk uban da ya yi abin kirki a littattafan nan, ya ce mata ni ne. Ta san Abba na littafi ciki da waje. Abin da ba ta sani ba shi ne, shi da Mai taya mutum ɗaya ne.

Ta juya zuwa shafin da zomon ya ɗora ɗansa a wuya. "In ya dawo zai yi mini haka."

Na ce, "Yaushe zai dawo?"

"Kaka ya ce yana hanya."

Na yi ciniki da mutane masu wayo a ƙasashe huɗu, ba wanda ya taɓa ɗaure ni kamar yadda tsohon nan ya ɗaure ni da bakin yarinya. Na ajiye littafin, na ɗaga ta na ɗora a wuyana. Ta sandare, ta riƙe kunnuwana da ƙarfi kamar za ta cire su. Sai ta leƙo ta saman kaina ta dubi hulata, ta dubi ta zomon. Irin ɗinkinsu ɗaya. Baba bai juyo ba. Ya dai ƙara wa feda wuta. Da yamma matata ta tsinci tabarau a cikin gwangwanin maɓallai.

Daga ranar, duk la'asar ɗin da nake gida ni ne mai karatu. Amma kada in yi ƙarya: cinikin bai faɗa ba tukuna. Tana zama a cinyata ne kawai in kakanta yana ɗakin. In ya tashi zuwa masallaci sai ta zame ta bi bayansa, ta bar ni da littafi a hannu. Shi ne jinginar da ta sa ta yarda da ni. Na sani, shi ma ya sani.

Da ciwon ya kwantar da shi wata huɗu, daga kan gado yake koya mini aikin. "Kana sauri, ba gwanjo kake ba." "Bari ta juya shafin da kanta." "In ta ce zomo ya hau taksi, to ya hau, kada ka gyara mata." Wani lokaci sai ya rufe ido ya yi kamar ya yi barci, don ya ga ko za ta zauna. Wata rana ta zauna, wata rana ta je ta ɗaga masa fatar ido da yatsa ta ce, "Tsoho, ƙarya kake." Ya sa na kira masa babban ɗansa sau biyu. Sun gaisa, sun tambayi lafiyar iyali, suka yi sallama. Da na karɓi wayar Baba ya ce mini, "Ka gani? Wannan ɗinkin ya riga ya bushe a haka. Naka ne da sauran gyara."

Bayan rasuwarsa, kwana bakwai yarinyar ba ta zo kusa da ni ba. Tana cikin mata, manne da zanen uwarta. In na leƙa sai ta kau da kai. Ba ta tambayi kakanta ba, ba ta taɓa littafi ba. Ina karɓar gaisuwa a rumfa, bakina yana amsa addu'a, zuciyata tana cewa shi ke nan, mai jingina ya tafi, an warware ciniki. Yayan matata ya ɗauki Alƙur'anin da riga ɗaya ya koma Port-Gentil. Na raka shi tashar jirgin ruwa ina kallon ƙeyarsa, ina ganin 'yata nan da shekara arba'in.

A rana ta takwas aka kwashe rumfa. Da safe uwarta ta shirya ta za ta kai ta lekol kamar kullum. Ina tsakar gida ina neman makullin shago. Sai yarinyar ta cire hannunta daga na uwarta, ta zo ta tsaya a gabana da jakarta a baya.

"Kai za ka kai ni."

Na dubi matata. Ta juya ta shige ɗaki da sauri.

Mun fita. Ruwan da aka kwana biyu ana yi ya cika lungun. Da muka iso babban kududdufin da ke gaban mai kofi, inda dattawan unguwa suke zama, ta tsaya ta ɗaga hannuwanta sama, ko kallona ba ta yi ba. Dattawa shida suna zaune, har da mutumin Garwa. Na sunkuya na ɗauke ta. Na yi musu sallama da 'yar fari a kafaɗata, suka amsa, ba wanda ya mutu.

Da muka wuce ta ce, "Kaka ba zai dawo ba ko?"

"Ba zai dawo ba. Ya tafi wurin Allah."

Muka wuce shago biyu, sannan ta ce, "Kai ma za ka tafi?"

"Oloumi kawai za ni. In dawo la'asar."

"Kullum?"

"Kullum, in Allah ya yarda."

"To sauke ni, ai na iya tafiya."

Na sauke ta. Ta kama ɗan yatsana har ƙofar makaranta. Na tsaya a bakin titi har na ga ta shige aji. Sannan na juya.

Allah ya yi wa Baba rahama, ya yalwata masa makwanci, ya lulluɓe kurakuransa kamar yadda ya lulluɓe mutane da yawa a garin nan. Wanda ya taɓa sa rigar da ya ɗinka, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a.

Ga yadda abin ya tashi a wurina. Na rasa suruki irin wanda ba a samu sau biyu. Ɗansa na fari ya koma yadda ya zo, wannan asarar ba mai mayar da ita. Yanzu ƙarfe huɗu nake rufe shago, cinikin yamma ya tafi, gareji biyu da suka daɗe suna saye a wurina sun koma wurin maƙwabcina. Abokan kasuwa sun sa mini suna Mai goyo, ina ji ina wucewa. A ɗaya gefen kuma abu ɗaya ne tak: ina da 'ya, kuma ta san tana da uba. Na shekara ashirin ina saye da sayarwa, ban taɓa fita da riba irin wannan ba, kuma ba wayona ne ya kawo ta ba.